Sawun da agogo ke bari: yadda gudun safe ya tona asirin sansanonin soja

A ƙauyukanmu, idan gari ya waye aka tarar an kore wa mutum shanu, mai bin sawu ake fara nema. Zai zo ya tsuguna a bakin garke, ya yi shiru yana duban ƙasa, sannan ya miƙe ya ce mutum uku ne, ɗaya yana ɗingishi, kuma sun fita kafin raɓa ta sauka. Bai ga fuskar kowa ba, ba wanda ya faɗa masa suna, amma kafin la'asar sai ka ga ya tsayar da jama'a a ƙofar gidan da aka yada zango. Wannan tsohuwar sana'a ce ta riƙa dawo mini a rai sa'ad da na zauna ina bin diddigin abin da ya faru a watan Janairun 2018, lokacin da agogunan gudu da wayoyin sojoji suka zana wa duniya taswirar wuraren da gwamnatoci ke kashe maƙudan kuɗi don su sirranta. Lamarin ya tsaya mini a rai ne saboda ni ma irin agogon nan nake ɗaurawa kullum bayan sallar asuba.

Zan fara da faɗin alherinsa, kada a ɗauka gaba nake yi da shi. Kafin in saye shi, da ka nake gudu: in fita da ƙarfi, kafin minti 15 numfashi ya sarƙe, in juya gida. Agogon ne ya koya mini haƙuri. Shi ya nuna mini cewa idan na riƙe kilomita ɗaya a minti 6 da rabi, zan iya yin awa guda ban tsaya ba. Shi ya nuna mini yadda bugun zuciyata ke hawa a watan Afrilu a kan hanyar da nake bi cikin sauƙi da hunturu, har na gane jikina kokawa yake da zafi, na daina matsa masa. Da azumi kuwa da shi nake auna inda ya kamata in dakata. Duk wanda ya taɓa amfani da shi ya san daɗin dawowa gida ka ga aikin ƙafarka a zane, layi ja a kan taswira.

Agogon GPS saurare kawai yake yi, ba ya aika wa sama komai. Taurarin ɗan adam kusan 30 ne ke shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya, kuma kowanne yana ta shelar abu biyu ba ƙaƙƙautawa: ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Agogon hannunka zai kama shelar aƙalla huɗu daga cikinsu, ya auna jinkirin da kowace ta yi kafin ta iso, daga nan ya lissafa inda kake tsaye. Rundunar sojan Amurka ce ta gina tsarin, ta harba tauraron farko a 1978, kuma ta daɗe tana gurɓata siginar da farar hula ke kamawa da gangan, har kuskuren yakan kai mita 100. A watan Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta janye wannan gurɓatawa, kuskuren ya dawo 'yan mitoci kaɗan. A 2003 kamfanin Garmin ya fito da Forerunner, na'urar da mai gudu zai ɗaura a wuyan hannu. Agogunan yau kuma suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na ƙasar Sin.

Yawancin agoguna suna ajiye ɗigo ɗaya duk daƙiƙa ko duk 'yan daƙiƙoƙi. Gudun awa guda zai iya kai ɗigo 3,600, kowanne ɗauke da wuri da lokaci da bugun zuciya. Muddin ɗigogin nan suna cikin agogo, naka ne kai kaɗai. Zance yana canzawa ne a lokacin da ka dawo gida kana share gumi, agogo ya haɗu da waya, waya ta ɗora komai a intanet, sau da yawa ba tare da ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

Ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake ɗorawa shi ne Strava, kamfanin da Mark Gainey da Michael Horvath suka kafa a 2009, mai hedikwata a San Francisco. Manhajar kamar Facebook ce ta masu gudu da masu tuƙa keke: ka ɗora gudunka, abokai su gani su jinjina maka, kai ma ka ga nasu. Ba ruwanta da irin na'urarka, ko Garmin ce ko Fitbit ko Polar ko wayar da ka sa a aljihu. A watan Nuwamban 2017 kamfanin ya fito da sabuwar taswirar da ya kira Global Heatmap, inda ya tattara motsa jiki biliyan 1 da mutane suka ɗora daga 2015 zuwa Satumban 2017, ɗigo kimanin tiriliyan 3, ya shimfiɗa su a kan baƙar taswirar duniya. Inda mutane suka yawaita bi, sai layin ya yi haske. Inda ba a bi, duhu. Babu sunan kowa a kai, babu kwanan wata. Turai da Amurka suka kama da haske kamar wutar daji, Sahara da hamadar Siriya da tsaunukan Afganistan suka zauna baƙi ƙirin. Kamfanin ya yi alfahari da aikin, jaridu suka yaba kyawunsa, taswirar ta shafe sama da wata biyu a buɗe ga kowa.

Wanda ya farga wani ɗalibi ne ɗan shekara 20, Nathan Ruser, mai karatun tsaron ƙasa da ƙasa a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera. Kamar yadda ya shaida wa 'yan jarida, mahaifinsa ne ya kalli taswirar ya ce ai wannan tana nuna inda Turawa masu kuɗi suke ne a duniya. Maganar ta tsaya wa yaron. Idan haka ne, to hasken da za a gani a ƙasashen da ake yaƙi na wane ne? Ya matso da taswirar Siriya, sai ga ƙananan zobba na haske a tsakiyar duhu, wasu masu kusurwa huɗu, wasu dogaye miƙaƙƙu. Ranar Asabar 27 ga Janairun 2018 ya wallafa abin da ya gani a Twitter. Kafin Litinin 'yan jarida da masu nazarin harkar soja a ko'ina sun duƙufa a kan taswirar, kowa yana tono nasa.

Dalilin zobban ba ya da wuyar ganewa. Soja a sansanin da ke cikin ƙasar yaƙi ba ya fita gari ya yi sassarfa. Wurin gudunsa shi ne gefen katanga daga ciki, ko kafaɗar titin jirgi. Yau ya zagaya, gobe ya zagaya, abokinsa ma haka, waɗanda suka canje su bayan wata shida su ma haka. Cikin shekara biyu ƙafafunsu sun zana iyakar sansanin daram, har da hanyoyin ciki. An ga filayen jiragen Kandahar da Bagram a Afganistan, da sansanoni a lardin Helmand, da na Jibuti, da sansanin Birtaniya na Mount Pleasant a tsibiran Falkland, da wani zagaye a bakin teku kusa da filin jirgin Mogadishu. An ga na Rasha a Siriya ma, don abin bai tsaya kan ƙasa ɗaya ba.

Wasu sun ce ai ba wani abin tayar da hankali, tunda manyan sansanonin nan ana ganinsu a hotunan Google Earth, kuma mutanen ƙauyen da ke kusa sun san da su tun ranar da aka kafa tubalin farko. Gaskiya ne. Sai dai hoto gini yake nunawa, sawu kuwa ɗabi'a yake nunawa. Hoto ba zai gaya maka wane ɓangare na sansani ne mutane suka fi taruwa ba, ko wace ƙofa ake fita, ko kuwa sansanin da aka ce an rufe har yanzu akwai mutane a ciki. Abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne siraran layukan da suka fito daga wani zobe suka miƙe cikin duhu zuwa wani. Waɗannan ba gudu ba ne. Mutum ne ya manta bai kashe na'urarsa ba, ya shiga mota ko ya fita sintiri, na'urar ta ci gaba da aikinta. Mai neman inda zai binne nakiya ba abin da yake so kamar ya san hanyar da ayari ya saba bi.

Yankinmu ma bai tsira ba. Ƙasa da wata huɗu kafin nan, ranar 4 ga Oktoban 2017, aka yi kwanton ɓauna a kusa da Tongo Tongo a yammacin Nijar, aka kashe sojojin Amurka 4 tare da abokan aikinsu 'yan Nijar. Bayan harin ne Amurkawa da yawa, har da wasu sanatocinsu, suka furta cewa ba su san ƙasarsu tana da sojoji kimanin 800 a Nijar ba. Ana cikin wannan muhawara taswirar ta faɗo hannun 'yan jarida, suka bi Sahel suna nuna ɗigon haske a wuraren da dakarun Amurka na musamman ke zaune a lokacin. A can ƙuryar arewa, kusa da iyakar Libiya, sansanin da Faransa ta kafa a Madama a ƙarshen 2014 ya fito fili a tsakiyar rairayi. Duk wanda ya san arewacin Nijar ya san ba makiyayi ko direban da ke ratsa Tenere ne ke ɗora gudunsa a intanet ba. A irin wannan wuri, kowane haske baƙo ne.

Kwana biyu bayan wallafar Ruser aka gano taswirar somin taɓi ce. Manhajar tana da wani tsari na gasa: a lokacin kowa zai iya ware wani yanki na hanya, a ce daga wannan kwana zuwa wancan, sai manhajar ta jera duk wanda ya taɓa bin wurin bisa saurinsa, da sunansa da hotonsa idan bai rufe ba. Wannan allon gwanaye shi ne ke sa mutane son manhajar, don ɗan adam da son a san ya fi. To, sojoji ma sun ware irin waɗannan yankuna a cikin sansanoninsu suna tsere da juna. Masu bincike suka nuna cewa ba sai ka je wurin ba: kana zaune a ɗakinka za ka iya ƙirƙirar gudun ƙarya a kwamfuta, ka ɗora kamar a sansanin ka yi shi, manhajar ta buɗe maka allon. Daga suna ɗaya kuma sai ka bi tarihin mutum baya, ka ga inda ya yi aiki bara, ka ga gudun da ya yi da ya koma hutu, wanda ya fara daga ƙofar gidansa ya ƙare a ƙofar gidansa.

Laifin wa? Na juya tambayar nan ta fuskoki da dama. Kamfanin ya ce bayanan a dunƙule suke ba suna, kuma bai sa gudun da mai shi ya killace ba. Wannan haka yake. Amma a wancan lokaci shiga taswirar ita ce asali, fita ce ke bukatar ƙoƙari, kuma maɓallan sirri a warwatse suke: ka rufe shafinka a nan, sunanka yana nan a allon gasa a can, sawunka kuma yana cikin taswira sai ka nemi wani maɓallin daban. Mutane kuwa ba sa taɓa saiti. Yadda abu ya zo musu haka suke barinsa, kuma masu ƙera manhaja sun fi kowa sanin haka. Sojan da ya ɗora gudunsa shi ma yana da nasa kason, sai dai ina jin tausayinsa. Aikinsa ne ya tilasta masa motsa jiki, kuma a 2013 rundunar sojan Amurka da kanta ta raba wa sojoji na'urorin Fitbit 2,500 a wani shirin gwaji na inganta lafiya. An gargaɗe shi kan ɗora hoto da faɗin inda yake a Facebook, ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa agogonsa ma baki gare shi.

A ganina babban kuskuren yana cikin tunanin da aka gina taswirar a kai, wato cewa idan ka cire suna ka haɗa sawun mutane wuri ɗaya, ka ɓoye kowa. Wannan gaskiya ce a Landan ko San Francisco, inda mutum dubu ke bin titi ɗaya kafin hantsi. Sawunka a can kamar sawun tunkiya ne a ranar kasuwa, ba mai iya ware shi. Injiniyoyin da suka yi aikin a irin waɗannan birane suke zaune, kuma da idon garinsu suka kalli duniya. Inda mai agogo ɗaya ne a faɗin kilomita 200, dunƙulewa ba ta ɓoye komai, don babu wanda za a dunƙule shi da shi. Taro ne ke ba da sutura, ba cire suna ba.

Martani ya zo da sauri, ko da yake ihu ne bayan hari, don masu bukata sun riga sun ɗauki hotunan taswirar sun adana. Shugaban kamfanin na lokacin, James Quarles, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana alkawarin aiki da hukumomin soja da sauƙaƙa maɓallan sirri. Cikin makonnin da suka biyo baya aka sauƙaƙa hanyar ficewa daga taswirar, aka kuma daina nuna hanyoyin da mutane ƙalilan ne suka bi. Sakataren tsaron Amurka, Jim Mattis, ya ba da umarnin a sake duba dokokin amfani da irin waɗannan na'urori. A watan Agustan 2018 mataimakinsa Patrick Shanahan ya sa hannu a takardar da ta haramta wa dakaru kunna tsarin nuna wuri a fagen aiki, ko a na'urar gwamnati ko ta ƙashin kansu, sai da izinin kwamanda.

Doka ba ta kashe ɗabi'a ba. Tun kafin takardar Shanahan ta fito, a watan Yulin 2018, jaridar De Correspondent ta ƙasar Holan da ƙungiyar bincike ta Bellingcat suka nuna cewa manhajar kamfanin Polar na ƙasar Finlan ta fi ma sauƙin tonawa. Sun zaƙulo mutum 6,460 'yan ƙasashe 69 da suka yi motsa jiki a wurare masu tsaro sama da 200, kuma da yawansu an iya bin su har gida. Polar ta dakatar da wannan sashe na manhajarta. Ranar 10 ga Yulin 2023 aka harbe Stanislav Rzhitsky, tsohon kwamandan jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Rasha, yana gudun safe a birnin Krasnodar. Shafinsa na Strava a buɗe yake, yana nuna hanyoyin da ya saba bi, kuma jaridu da yawa sun danganta kisan da hakan. A watan Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda gudun masu tsaron lafiyar Emmanuel Macron da Joe Biden da Vladimir Putin ke fallasa inda shugabannin za su sauka, domin dogarai sukan riga ubangidansu isa gari, su fita sassarfa daga otal ɗin. Shekara shida ke nan bayan Ruser, kuma waɗannan mutane ne da sirri ne sana'arsu.

Ni ba soja ba ne, kuma yawancin masu karanta wannan ba sojoji ba ne. Amma abin da ya fallasa Madama shi ne halin da muke ciki. Mai agogon GPS a Gusau ko Maraɗi ko bayan garin Kaduna ya fi kama da sojan hamada fiye da ɗan Landan, don a unguwarsa wataƙila shi kaɗai ne. Kuma muna zaune a lokacin da masu garkuwa da mutane ke biyan 'yan leƙen asiri kuɗi don su gaya musu abu uku: gidan wane, ƙarfe nawa yake fita, wace hanya yake bi. Agogo yana rubuta ukun nan kullum da safe, ya ƙara da na huɗu, wato cewa mai shi yana da halin sayen agogo mai tsada.

Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da na nuna wa wani dattijo wayata. Tsohon soja ne, muna haɗuwa a Dandalin Murtala da ke Kaduna duk Asabar. Ya haura saba'in amma har yau yana zagaye filin da sauri. Ina ba shi labarin taswirar ne, na buɗe manhajar da ta zo da agogona don in nuna masa yadda abin yake. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan jan layin duk kai ne?"

"Ni ne, Baba. Na wata takwas ne a haɗe."

Ya sa yatsa inda layukan suka taru suka yi kauri kamar tushen gamba. "Nan fa?"

"Gida ne, Baba."

"Ƙarfe nawa kake fita?"

"Ga shi nan a rubuce. Shida saura kwata."

"Kullum?"

"Ban da Juma'a."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To wa kake bari a gidan, awa guda, ƙofa a sakaye?"

Ban ce komai ba. Uwargida ce da yara uku. Ya miƙo mini wayar ya ce lokacin da suke aiki, ba a barin mutum ya bi hanya ɗaya kwana uku a jere, kuma wanda ya yi haka sai ya sha horo ko da ba abin da ya faru. A nan tsaye na duba saitina, na tarar shafina a buɗe yake ga duk mai manhajar a duniya. Ni na bar shi haka, don ranar da na yi rajista ban tsaya karanta komai ba, ɗokin ganin layin farko ya ɗauke mini hankali. Cikin masu bina akwai mutum 11 da ban taɓa sani ba.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in kunna da'irar sirri, wato tsarin da ke ɓoye sawunka a kewayen gida. Yana da amfani, amma kada a jingina da shi gaba ɗaya. Idan gidanka ne a tsakiyar da'irar, duk wuraren da layinka ya ɓulla suna kan bakinta ne, kuma ɗalibin sakandare ya san ɗigo uku a bakin da'ira sun isa a gano tsakiyarta. Kamfanoni sun gyara wannan ta hanyar karkatar da da'irar daga gidan, sai kuma a 2022 masu bincike a jami'ar KU Leuven ta Beljiyam suka nuna wata kafar: jimillar nisan da ake nuna wa jama'a ta haɗa da ɓangaren da aka ɓoye. Ka cire abin da ake gani daga jimilla, ka san mita nawa mutum ya yi cikin da'ira, ka auna a taswirar titunan unguwa. A gwajinsu sun gano har kashi 85 cikin 100 na wuraren da aka ɓoye. A unguwar da titi ɗaya ne ke shiga, aikin ya fi haka sauƙi.

Saboda haka na koma ga abin da ba ya bukatar amincewa da kowa. Na rufe shafina, na kori duk wanda ban san fuskarsa ba, na fice daga taswirar gama-gari da allon gasa. Tsofaffin gudun da suka fara daga ƙofar gida na sauke su a kwamfutata, na goge su daga intanet ɗaya bayan ɗaya. Ya ci mini yammaci biyu. Yanzu ba na kunna agogo sai na yi tafiyar kusan mita 700 na isa shataletalen bakin titi, kuma a nan nake kashe shi in na dawo. Ina da hanyoyi huɗu da nake juyawa ba bisa tsari ba. Ba na ɗora gudu ranar da na yi tafiya, don layin da ya ɓulla a Abuja shela ce cewa maigida ba ya nan. Akwai abin da na rasa: kusan kilomita 28 a wata ba sa shiga lissafi, kuma jinjinar da nake samu ta ragu sosai, wadda a da takan tashe ni ranar da jiki ya yi nauyi. Agogon kuwa bai rage komai na aikinsa ba. Har yanzu yana gaya mini saurina da bugun zuciyata, don bai taɓa bukatar 'yan kallo ba kafin ya yi hakan.

Asabar ɗin da ta biyo baya na iso dandali na tarar dattijon ya riga ni, ya tara matasan da muke gudu tare a gindin matakala, kowa da wayarsa a hannu. Mu bakwai ne masu agogo ko manhaja. Biyar layinsu daga ƙofar gida ya fara. Ɗaya daga ciki wata yarinya ce ma'aikaciyar jinya, wadda shafinta ya nuna gidan iyayenta, da asibitin da take aiki, da ranakun da take kwanan aiki, don ranakun ne babu gudu da safe. Ta yi shiru tana kallon wayar, sannan ta miƙo mini ta ce, "Yaya, nuna mini inda ake rufewa." Muka zauna a kan matakalar muna bin saiti ɗaya bayan ɗaya, Baba yana tsaye a kanmu da tabarau a hannu yana tambayar kowa ko ya gama. Har rana ta ɗaga masu ƙwallo suka fara shigowa, ranar ba wanda ya yi ko zagaye ɗaya.